Sukarin Baba ya faɗi bayan sallar la'asar: me ya kamata mu yi?

Tambaya daga wata 'yar'uwa:

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 67, kuma shekara tara ke nan yana fama da ciwon sukari, yana shan ƙwayar glibenclamide da metformin. Ranar Alhamis da ta wuce ya ɗauki azumin nafila ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya sha maganinsa da asuba, sahur kuwa bai wuce kofin shayi ba. Bayan la'asar aka rako shi gida daga masallaci, rigarsa sharkaf da gumi duk da sanyin hunturun da ake yi, hannunsa yana karkarwa, yana kiran ƙanena da sunan wansa da ya daɗe da rasuwa. Wasu maƙwabta suka ce iska ce, aka shiga tofi, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da na gwada jininsa, na'urar gwajin sukari ta nuna 52. Na dama ruwan sukari zan ba shi, sai Inna ta riƙe hannuna, ta ce likita ya hana shi zaƙi. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti ya dawo hayyacinsa. Shin da a ce na ba shi sukarin nan, da na yi daidai?

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Daidai ne ƙwarai, muddin yana farke kuma yana iya haɗiya. Inna ba ta da laifi, domin shekara tara tana jin ana cewa a nisanta shi da zaƙi, ba a taɓa zaunar da ita an gaya mata cewa akwai lokacin da sukarin shi ne maganin ba. Duk sa'ad da na'ura ta nuna ƙasa da 70 (ko 3.9 a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin), sukari ya faɗi, in kuwa ya yi ƙasa da 54 ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta, shi ya sa kika ji yana rikita sunaye.

A ba shi kimanin giram 15 na zaƙi mai saurin shiga jini, wato babban cokali ɗaya na sukari a cikin ruwa, ko na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba, ban da irin wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa. A jira minti 15 a sake gwadawa, in har bai kai 70 ba a maimaita. Idan ya farfaɗo sai a bi shi da abinci mai riƙe ciki kamar tuwo ko burodi. Ƙosai da madara ba su da amfani a matakin farko, saboda maiƙo yana jinkirta shigar sukari cikin jini. In babu na'ura a kusa kuma alamun sun bayyana, a ba shi kawai, domin illar cokali ɗaya ba ta kai ta jinkiri ba.

Amsar wani mai yin allurar insulin:

Ni alamata ta farko yunwa ce mai ƙwaƙular ciki da bugun zuciya, sai kuma fushi babu dalili, har maiɗakina takan riga ni ganewa, ta miƙo mini kofi ba tare da ta tanka ba. Ƙwayoyin sukari huɗu ba sa rabuwa da aljihun rigata, akwai kuma wasu a cikin mota, ba na tayar da ita sai na gwada jinina. A garinmu idan mutum ya suma akan buɗe bakinsa a zuba masa zuma, ina ganin hakan ma zai taimaka.

Ma'aikaciyar jinyar ta sake cewa:

Malam, dabarar aljihu ta yi kyau, amma batun zuba zuma ina roƙon a bar shi. Wanda ya suma ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti inda za a sa masa gulukos, wato ruwan sukari, ta jijiya.

Sannan 'yar'uwa, ki ambata wa likitan Baba sunan glibenclamide ɗin nan musamman. Ƙwaya ce mai daɗewa tana aiki a jiki, ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka sukarin yana iya sake faɗuwa bayan sa'o'i, musamman ga dattijo ko wanda ƙodarsa ta yi rauni. Metformin ita kaɗai ba kasafai take jawo haka ba. Wataƙila a rage masa glibenclamide ɗin ko a sauya, amma kada ku dakatar da maganin da kanku. Kafin ya sake ɗaukar azumi, na nafila ne ko na Ramadan, a je tare da shi a tsara lokacin shan maganin, kuma ya san cewa in na'ura ta nuna ƙasa da 70 sai ya karya nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Talata za mu koma asibiti, kuma tare da Inna za mu je don ta ji daga bakin likita da kunnenta.