Musayar waƙa: jikin da muka rufe a Tawa

Ƴar Adar, Tawa:
Salama gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu. Yau sati 3 da rasuwar Inna. Masu zuwa gaisuwa suna ta ce mini jiki buhu ne, rai ya tafi, a bar kuka. Na san lallashi suke nufi, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Amsa-amon "ki" ne, a kama mini.

Ni na wanke Inna da hannuna,
Na shafa mata mai a ƙuryar ɗaki.
Na ga kantar taɓarya a tafinta,
Da sawun igiyar guga, shaidar aiki.
Gadon bayan da ya goya mu mu bakwai,
An sa shi a rami, an watse makoki.
In buhu ne, ku faɗa mini gaskiya,
Don me Allah ya ƙera shi da kirki?

Baba Mai Albasa, Galmi:
Sannu da haƙuri, ɗiyata. Ki dubi Yesu Almasihu, Kalman Allah.

Kalman da ya yi sama da ƙasa,
Bai ji ƙyama ba, ya ɗauki jiki.
Wata tara ya kwana cikin Maryamu,
Komin dabbobi ne gadon Sarki.
Ya gaji a bakin rijiyar Yakubu,
Ya roƙi ruwa, ƙishi ya busar da baki.
A kabarin Li'azaru ya zub da hawaye,
Wa zai ce kukan nan naki raki?
Abin da Allah ya sa wa kansa,
Ba a kiransa buhu, sai abu mai tsarki.

Ɗan Makaranta, Yamai:
Baba, da izininka. Ni ma akwai abin da ke cina.

Na yarda ya zo, na yarda ya mutu,
Tashin ne ke ba ni mamaki.
Abokaina sun ce mafarki aka yi,
Ko fatalwa ta gifta cikin ɗaki.

Gwaggo ta Zumuntar Mata, Tawa:
Ɗana, ka kyauta da ka tambaya. Toma almajirin Yesu ma haka ya yi, ba a kore shi ba. Ka buɗe Luka 24 da Yahaya 20 da 21.

Fatalwa ba ta da nama da ƙashi,
Shi kuwa gasasshen kifi ya kai baki.
Toma ya ce sai ya sa yatsa,
Kwana 8, aka nuna masa miki.
A gaɓar tekun Galili da asuba,
Wutar gawayi, shi ya yi girki.
Kifi 153 suka ƙirga a taru,
Wa ke ƙirga kifi yana mafarki?
Fiye da 500 sun gan shi tare,
Bulus ya jera su daki-daki.
Ya ce in Almasihu bai tashi ba,
Bangaskiya banza ce, tawa da taki.

Ki yi haƙuri ɗiyata, baitin ƙarshe ya juyo kanki. Da ke nake tun farko.

Baba Mai Albasa:
Bulus ya yi misali da iri a 1 Korintiyawa 15. Nan kam an shigo gonata.

Irin albasa baƙi ne, ƙanƙani,
Kamar garin gawayi a tafin hannunki.
Na binne shi, na tafi na kwanta,
Ban zauna kansa ina makoki.
Mai ganin sa ba ya zaton albasa,
Sai ranar haƙa, gari ya yi biki.
An shuka Inna da rauni da tari,
Za ta tashi ba sanda, ba jan jiki.

Ƴar Adar:
Na gode Baba, na gode Gwaggo. Maganar mikin nan ita ta hana ni barci jiya.

Tun da ya tashi da sawun ƙusa,
Bai shafe shi ba don ya zama Sarki,
Ina sa rai zan gane tafin Inna,
In riƙe shi, in ce, "Inna, ga ɗiyarki."
Taɓaryarta na nan jingine da bango,
Na hana a fitar da ita daga ɗaki.