Yayana mai ciwon laka, an ce sai an yi masa aikin zuciya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yayana ne, tun 2014 yake kan keken guragu bayan haɗarin mota a hanyar Illela, lakarsa ta taɓu daidai T4, wato gaɓa ta huɗu ta ƙashin baya a saitin ƙirji. Yanzu likitoci sun ce jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe, suna maganar buɗe ƙirji. Bai taɓa kukan ciwon ƙirji ba, sai haki da gajiya. Inna ta ce ba ta yarda ba. Don Allah mai irin wannan lalura yana tashi daga aikin nan kuwa?

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Rashin ciwon kada ya ruɗe ku, mai rauni a saman laka sau da yawa saƙon zafin ba ya kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Ana yi musu aikin, suna tashi, sai dai haɗarinsu ya fi na sauran mutane, kuma yawancinsa bayan an fito ne. Tarinsa ba ƙarfi, majina takan kwanta a huhu ta zama nimoniya, ya daɗe kan na'urar numfashi. Wanda ya fi damuna: mai rauni daga T6 (gaɓa biyu ƙasa da T4) zuwa sama, kamar nasa, idan robar fitsari ta toshe ko bayan gida ya ƙi fita, sai jini ya hau farat ɗaya, da ciwon kai da gumi. Ku faɗa wa likitan sa barci shekarar raunin da awon jininsa na kullum, don akwai maganin sakin jiki da ba a ba irinsu. Gyambon kwanciya ko ciwon mafitsara kuma a magance su tukuna.

Wani ɗan'uwa, Mabera: Ni ma kan keke nike. Hannu shi ne ƙafarmu. Ƙashin ƙirji kuwa sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, ba turin keke, ba ɗaga jiki da hannu zuwa gado. Wa zai ɗauke shi, wa zai riƙa juya shi kowane awa 2? Ku shirya wannan tun yau.

Wata Hajiya, Runjin Sambo: Ɗiyata, ku tambaya ko ɗan bututun da ake zurawa ta jijiyar hannu a buɗe jijiyoyin da suka toshe zai yi, maimakon buɗe ƙirji. Idan sun ce a'a, su faɗi dalili. Kuma ku tafi da Inna ta ji da kunnenta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Yana da ƙaramin gyambo a ƙugu, gobe za mu nuna musu.