Wane suna za mu raɗa wa dokin da Turawa ke kira Thoroughbred?

Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalma ce na kawo muku, ta tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya. Ina shirya wa abokanmu masu kiwon dawaki bayani a kan garin Scone na ƙasar Ostireliya, wanda ake yi wa kirari da babban birnin dawakin ƙasar, sai ga Thoroughbred a kusan kowane layi. Na rubuta "doki mai kyau", na soke. Na rubuta "dokin Turawa", shi ma na soke. Harshen da ya ware ingarma da goɗiya da dukushi da ƙuru, ya kuma san kili da akawal da hurde, bai kamata a ce ya rasa abin faɗa a nan ba.

Bari in fara da abin da kalmar ke nufi, don kada mu yi ta harbi a duhu. Thoroughbred ba yabo ba ne, sunan iri ne. A Ingila aka samar da shi, aka haɗa goɗiyoyin ƙasar da ingarmun da aka kawo daga Gabas. Uku daga cikin ingarmun nan su ne kakanni: Byerley Turk, wanda ubangidansa ya hau zuwa yaƙi a 1690, Darley Arabian, da aka sayo a Halab ta ƙasar Sham a 1704, da Godolphin Arabian, da ya shigo Ingila ta Faransa wajajen 1730. A 1791 James Weatherby ya fara fitar da kundin da ke jera sunan kowane doki da uwarsa da ubansa, kuma har gobe zuriyarsa ke riƙe da kundin. Ƙa'idar guda ce: in uwa da uba ba su cikin kundi, ɗan ba ya shiga, ko da zai tsere wa iska.

Yanzu ga yadda abin ya isa Scone. Kafin 1788 babu doki ko ɗaya a Ostireliya; jiragen farko na Ingila ne suka ɗauko 'yan ƙalilan daga Afirka ta Kudu. A shekarun 1820 gwamnatin mulkin mallaka ta fara yanka wa 'yan kama-wuri-zauna filaye a kwarin kogin Hunter, inda Scone yake a yau, ƙasar mutanen Wonnarua, ba tare da an nemi yardarsu ba, aka kuma ba sababbin masu gonakin fursunoni su yi musu aiki. Wannan dole in faɗe shi duk lokacin da na ambaci kyan dawakin wurin, don a kan ƙasar wasu aka gina shi. Noma da kiwon tumaki da shanu aka zo yi, doki kuwa shi ne ƙafar kowa. Da dukiya ta kankama, sai manyan gidaje suka shiga sayo ingarmu daga Ingila. Gidan kiwon Widden, na iyalin Thompson, tun 1867 yake, bai kuma fita daga hannunsu ba. A 1878 ƙasar ta buɗe nata kundin.

To, tun jiya da daddare na jefa wa mutane tambayar wane suna za mu raɗa wa dokin nan da Hausa, ga abin da ya shigo.

Wani ƙanena ya ce: "Yaya, ai ingarma ne kawai, me ya yi zafi?" Ƙanena, ingarma namiji ne da ba a dandaƙe ba. Goɗiyar fa, ya za mu kira ta? Ga kuma waɗanda aka dandaƙe, suna nan birjik a filin tsere.

Mutum huɗu suka ce "dokin sukuwa" ko "dokin tsere". Wannan ya yi kusa, don domin gudu aka ƙirƙiro shi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a Filin Sukuwa na Kano ya san dawakinmu na gida da na Sudan su ma tsere suke yi. Kuma goɗiyar da ke haihuwa a Widden, wadda wataƙila ba ta taɓa shiga fili ba, tana nan a irinta. Sana'a daban, asali daban.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce a wajensu Faransanci ya ba su pur-sang, don haka mu ce "tsantsar jini". Hajiya, na gode, kuma na daɗe a kan shawararki fiye da ta kowa. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne tarihin dokin kansa: tushensa gauraye ne, jinin Larabawa da na Turkawa da na Ingila. Ba tsantsa aka tarar ba, ƙofa aka rufe bayan an gama haɗi, aka ajiye mai rubutu a bakinta. In muka ce tsantsar jini, mun koya wa mai karatu abin da ba haka yake ba.

"Ɗan asali" ma an kawo. Daɗin baki gare ta, amma ta yi faɗi. Bahaushe na iya kallon kilin sarki ranar hawan daushe ya ce wannan ɗan asali ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Sai da asuba wani dattijo, wanda ya yi shekaru yana kula da barga, ya aiko da saƙon murya. Ya ce: "Ɗana, abin da kake ta kwatantawa ai salsala ce. Dokin da ake ƙirga kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake ba, mai salsala ne." Baba, Allah ya ƙara girma, ka warware mini.

Ku duba yadda kalmar ta zauna. Salsala ba ta cewa jinin tsantsa ne, ba ta cewa dokin kyakkyawa ne. Cewa take yi akwai sarƙa, kowace gaɓa an san ta. Shi ya sa masu wannan iri ba su yarda likita ya ɗura wa goɗiya maniyyi ba. Sai ingarman ya hau ta da kansa, a rubuta, sannan a karɓi ɗan. Wannan doka ce ta sa ake ɗora manyan ingarmu a jirgin sama daga Ailan da Amurka zuwa kwarin Hunter, su yi barbara daga watan Satumba, su koma arewa kafin tasu kakar. Danehill ne ya fi shahara a wannan kai-komo a shekarun 1990. Kai, har ranar haihuwa kundi ne ke yankewa: a Ostireliya ana ƙara wa kowane ɗayansu shekara ranar 1 ga Agusta, a Ingila kuwa 1 ga Janairu. Dokin da alƙalami ke bi haka tun daga cikin uwarsa, sunansa ya dace ya ɗauki ƙamshin alƙalamin.

Wani malami ya yi gyara mai nauyi: "Malam, dawakin Larabawa ma ai ana riƙe salsalarsu, tun kafin Ingila ta san kundi." Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam. Sai dai su sun riga sun sami suna a bakinmu, dokin Larabawa muke cewa, kowa ya gane. Inda ake tsoron ruɗani sai a cika a ce dokin salsala na Ingila. Turkawa ma dokin Ingila suke ce masa.

Na gwada kalmar da wani doki na yankin don in ga ko za ta karye. Akwai Waler, wanda ya samo suna daga jihar New South Wales ta Ostireliya, aka yi ta sayar wa sojan Ingila a Indiya, aka kuma kai dubbai yaƙin duniya na farko. Sau da yawa ubansa na salsala ne, uwarsa goɗiyar gona. Da Hausa sai mu ce ruwa-biyu ne, ba ya cikin kundin salsala. Magana ta fita sarai.

Akwai kuma wata kalmar Turanci da na ci karo da ita a bayanin, saddler. Nan ban sha wuya ba, amma akwai abin lura. A garuruwa irin su Scone, mai wannan sana'a ba sirdi kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗinka kan linzami da ragama da majayi, shi ke yin kayan da dokin garma da na amalanke ke ja da su, shi ke sake cusa gashi a ƙarƙashin sirdi in ya kwanta ya fara cin bayan doki. A hannun irinsu ne sirdin Ingila ya rikiɗe ya zama na makiyayan Ostireliya, mai zurfin mazauni da matokarar gwiwa, don mutum ya wuni yana bin shanu a gangare bai faɗo ba. Duk wanda ya san amfanin ƙwacciya a sirdinmu zai gane hikimar. Shi kuma sirdin tsere, wani bai kai kilo ɗaya ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne jima: da ɓawon wata itaciya 'yar gidan su bagaruwa suke jeme fata, kamar yadda majemanmu ke yi da 'ya'yan bagaruwa.

"Mai sirdi" ba za ta yi ba, don mai sayarwa ma mai sirdi ne, mai hawa ma haka. Baduku muke da shi, sai dai baduku na iya zama na takalmi ko na jaka ko na laya. Mu ce badukun sirdi, jam'i dukawan sirdi, sana'ar kuma dukancin sirdi.

Ga yadda layin farko na bayanin nawa ya koma yanzu, ku karanta da ƙarfi ku ji: "Scone gari ne na manoma da makiyaya a kwarin Hunter, inda ake kiwon dawakin salsala tun zamanin mulkin mallaka, dukawan sirdi kuma suka ci abinci a gefensu." Wanda ya ji harshensa ya yi tuntuɓe a wani wuri, ya nuna mini kafin Juma'a, ranar zan karanta wa jama'a.