Muhawara: Da injin ilektirod za a fara koyon walda ko da MIG?

Mai Akori-kura: Salamu alaikum jama'a. Ina da Fijo 504 akori-kura ta mahaifinmu, irin haɗin Kaduna. Tsatsa ta cinye ƙasan wurin direba da gindin ƙofofi. So nake in riƙa taɓa ta da hannuna ranakun Asabar da Lahadi, don sha'awa kawai. An ce mini duk mai fara walda da injin ilektirod yake farawa, wai sayen MIG, injin walda mai aiki da waya da gas, a Bauchi zubar da kuɗi ne. Haka ne?

Kawu Mai Walda: Wa alaikumus salam. Wanda ya gaya maka bai cuce ka ba, ɗana. Taka daga Wunti har Yelwa ka leƙa shagunan walda, ka dawo ka gaya mini nawa ke da MIG. Ilektirod kuwa, geji 12 da geji 10, duk shagon kayan gini da ka shiga za ka samu. Ba tukunyar gas, ba jiran saƙo daga Kano. Kuma wanda hannunsa ya zauna a kan ilektirod, duk injin da ya ɗauka daga baya ba ya ba shi wuya.

Injiniya: Kawu, ranka ya daɗe, in maganar ƙofa ce da taga da gadon ƙarfe, ba mai ja da kai. Amma shi bodin mota zai liƙa. Kaurin bodi bai wuce milimita 0.7 zuwa 1 ba, geji 12 kuwa wajen milimita 2.5 ce. Ilektirod ɗin ma ta fi ƙarfen kauri nesa ba kusa ba. Sabon hannu na ɗorawa, kafin ya ankara rami ya buɗe. Ya zo cike wannan, wani ya ɓulle a gefe, ƙarshe ƙasan motar ya koma kamar rariya. Ita MIG wayarta 0.6 ko 0.8 ce, injin ke turo ta da kansa. Ka danna ka saki, ɗigo ɗaya, ka tsallaka gaba ka bar nan ya huce, sannan ka dawo ka cike tsakani.

Kawu Mai Walda: Akwai siririyar ilektirod ta milimita 1.6. Ka rage wuta a inbata, ƙaramin injin waldan nan na zamani, ta ci bodi lafiya lau. Da ita nake liƙa salansa.

Injiniya: Hannunka ne ke yi, Kawu, ba ilektirod ba. Shi ma'aikaci ne, kwana biyu gare shi a mako.

Fanel-bita: Duk kun bar hanya. Bodin motocin garin nan da me muke gyara shi? Kabayid da oksijin. Ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke, kuma da wutar nan za ka gasa ƙarfe ka lanƙwasa, ka kwance noti da ya cije.

Kawu Mai Walda: A'a, Oga, wannan kam ban yarda ba. A gareji ne, e. A gidan da akwai yara da mata? Kabayid na haɗuwa da ruwa yake fitar da gas mai kamawa, irin tankin haɗin gida kuwa in wuta ta koma baya ta cikin roba, sai dai a yi salati.

Injiniya: Ga shi zafinta na yaɗuwa. Ƙofa ta yi tudu da kwari, a bi da bodi-fila a lafta, damina biyu ta fara tsagewa.

Fanel-bita: Wannan aikin masu gaggawa ne. Amma na ji, ba kayan ɗan koyo ba ne.

Kawu Mai Walda: To Injiniya, tunda ka nace, amsa mini. Gas ɗin da MIG ke hura wa walda, CO2 ne ko gaurin argon, in ya ƙare ranar Asabar da yamma ina zai cika? Na biyu, a tsakar gida zai yi aiki. Hunturu na busowa iska ta kwashe gas ɗin, walda ta fito duk ƙananan ramuka, ka ga ta liƙe alhali ba ƙarfi.

Injiniya: Maganar iska gaskiya ce, sai ya kare wurin da fallen kwano. Maganar cika tukunya ma ban raina ta ba. Kafin ya biya kuɗin inji, ya fara gano wanda zai riƙa cika masa da inda zai samu waya. In bai samu ba, na janye. Amma mai aikin ƙarshen mako ba kullum tukunya ke ƙare masa ba.

Ɗan Gwallameji: Manya, a gafarce ni. Akwai MIG da ba ta son gas, maganin yana cikin wayar. Ba ita ce mafita ba?

Injiniya: Rabin mafita, ƙanena. Iska ba ta dame ta, ta kuma yi kyau a kan keriya da kujerun baya. Sai dai ta fi zafi, tartsatsi da hayaƙi sun fi yawa, tana barin ɓawo sai ka kankare. A kan siririn bodi ita ma tana ɓulawa. In zai saya, ya nemi wadda ke karɓar iri biyun, ya kuma tuna ana juya wayoyin fosatif da negatif in an sauya daga mai gas zuwa maras gas. Da yawa a nan suke cewa inji ya lalace.

Mai Wayarin: Kuna ta gardama ba wanda ya tambaye shi wace wuta gare shi. Malam, kada ka kuskura ka sayi tiransifoma naɗin gida. Nauyi ne da ita, kuma kana taɓa ƙarfe ƙwan maƙwabta zai dushe, a zo maka ƙofar gida. Inbata ka nema, ko ta ilektirod ko ta MIG. In da janareta za ka yi, ƙaramin nan na kallon ƙwallo ba zai ɗauka ba, ka yi lissafin kVA 5 zuwa sama. Sannan ka yi hattara da lambar da ke jikin kwali. Soket ɗin gida na amfiya 13 a kan bolt 230 bai wuce kilowat 3 ba. Injin da aka rubuta masa amfiya 400 kuma filoginsa na soket ɗin ɗaki ne, ƙarya ce tsagwaronta. Araha ba ta ado. Duba farantin bayansa: in an sa 60%, nufinsa a ƙarfin wutar da aka rubuta tare da shi, minti 6 na aiki, 4 na hutu a cikin kowane 10.

Mai Akori-kura: Janaretana 3.5 ne. Ke nan magana ta ƙara tsawo.

Mai Wayarin: A bodi ba wuta mai yawa za ka buɗe ba, yana iya ja. Amma ka gwada injin a kansa tun a shago, kada ka ɗauki alkawarin baki.

Kawu Mai Walda: Ko wanne ka saya, ɗana, ka ware kuɗin hular walda ta gaske da safar fata da giranda. Tabarau baƙi ba kariya ba ne, tsakar dare za ka farka ido na zubar ruwa, ba ya buɗuwa. Cire kan batir kafin ka fara, ka maƙala at, wato wayar injin da ake kama jikin ƙarfe da ita, kusa da inda kake aiki, a kan ƙarfen da ka goge. Ɗaga kafet, ka duba ta inda layin mai ya bi. Tanki kuma ko babu ɗigon fetur a ciki kada ka kai masa wuta, tururin ne ke fashewa.

Fanel-bita: Kafin duk wannan, shiga ƙarƙashinta da sukundireba ka soki shasi, musamman inda sifirin ɗin baya ya kama. In ya ɓurma, wannan ba wurin koyo ba ne, rai ake ɗorawa a kai. Kawo mana ita.

Injiniya: A kan wannan bakinmu ɗaya. Amma ƙasa da ƙofofi, har gobe MIG nake cewa.

Kawu Mai Walda: Ni kuma ilektirod. Samo tsohuwar ƙofar mota wurin 'yan gwangwan ka zo shago ranar Asabar bayan la'asar. Injiniya ya taho da nasa injin da tukunyarsa, in ta shiga but. Ka gwada kowanne a kan ƙofar kafin ka fitar da ko sisi.