Leɓena na sama siriri ne, na rasa yadda zan cike shi da kwalliya

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku taimaka min, abin nan ya ishe ni.

Leɓena na ƙasa ba laifi, amma na sama siriri ne ƙwarai, in na yi murmushi sai ya shige ciki ya ɓace.

Na fara da zana fensirin leɓe a wajen iyakarsa. A hoto yana fita da kyau, amma ido da ido, musamman a hasken rana, ana ganin layin a kan fata kamar na sha koko ban goge ba. Da na ci abinci kuma ya caɓe.

Sai na sayi man leɓen nan mai kumburawa, wanda ake sa wa kirfa da barkono. Yana raɗaɗi, leɓen ya ɗan taso, kafin awa 2 ya sace. Kwana 5 ina shafawa a hunturun nan, yanzu gefen bakina ya tsage, fatar tana ɓarewa, jan baki ma taruwa yake yi a cikin tsagar. Na daina, na koma man kaɗanya, ya fara lafawa.

Tsotsar kofi ba zan yi ba, na ga yadda ya tara wa ƙawata jini. Allurar cika leɓe kuwa ba ni da kuɗinta, ga shi bayan wasu watanni sai an sake.

Da fensiri da jan baki kaɗai, yaya ake zana leɓen sama ya cika ba tare da layin ya nuna a kan fata mai duhu ba? Na gode.