Me kuka taɓa sa yaro ya yi da hannunsa har karatu ya zauna masa?

Uwar yara uku, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na tsakiya yana aji uku, ya haddace jadawalin sau tun daga biyu har sha biyu, yana rera shi kamar waƙa. Ran nan na aike shi sayen ƙwai shida, mai shago ya faɗa masa kuɗin guda ɗaya, yaron nan ya tsaya bai san nawa zai bayar ba. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na zube masa gyaɗa a faifai na ce ya jera layi huɗu, kowane layi ƙwaya shida. Ya ƙirga 24. Sai na juya faifan kawai. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Umma, ashe huɗu sau shida da shida sau huɗu abu ɗaya ne!" Shekara biyu yana rerawa bai taɓa gani ba. Don Allah wanda ya gwada irin wannan ya ba mu labari.

Malamar kimiyya, Kano:
Wa alaikumus salam Maman yara. Ni zoɓo ne makamina. Ki jiƙa shi ba sukari, ki zuba a kofunan gilashi uku. Na farko a bar shi. Na biyu yaro ya matsa lemon tsami, jan zai ƙara haske. Na uku ya ɗiga ruwan kanwa, nan take ya rine ya koma duhu mai ratsin kore. Launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, aikin da takardar gwaji ke yi a ɗakin kimiyya ke nan. Daga nan sai su kawo ruwan tsamiya, ruwan toka, ruwan sabulu, kowa ya faɗi hasashensa kafin a zuba. Hasashen nan shi ne zuciyar abin, kada ki tsallake shi. Idan kuma aka matsa lemon a kan garin kanwa zai yi kumfa, iskar da ke fita irin ta cikin lemon kwalba ce.

Bara na kai su marinar Ƙofar Mata. Sun ga an tsamo zane daga ruwan baba yana kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gabansu. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ita ce ta tsare dattijon marini da tambaya har na ce mu tafi.

Makaniki, Katsina:
Ni dai nadama ce ta kawo ni. Babban ɗana tun yana ƙarami ba ya barin kara da gwangwanin madara, kullum motar kara, motar langa-langa, tayoyi da tsohon silifa. Ina ganin shiririta ce, na sha tattake masa su in ce ya ɗauki littafi. Wata rana na same shi yana gwada tayoyi biyu da zare don motar tana karkata gefe guda. Shi kaɗai ya gano cewa ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na kawo tef ɗin awo na nuna masa santimita. A mako guda ya iya abin da aka yi zango ana fama da shi a makaranta. Ƙannensa yanzu ni nake tara musu gwangwani.

Malamin firamare, Azare:
Duk na yarda, amma a tuna da mu. Yara sun haura tamanin a ajina, wasu a ƙasa suke zaune. Kofin gilashi uku ba zai kai ko'ina ba, kuma da ka ce "wasa" wasu iyayen sai su ce ba ka koyarwa. Abin da ya yi mini aiki tsinken tsintsiya ne. Kowane yaro ya zo da nasa daga gida, goma-goma a ɗaure da kyauro. Ɗauri uku da tsinke huɗu, 34. In za a cire 8, dole ya kwance ɗauri guda. A nan suka fahimci "aro" da muke ta faɗa a allo. Haruffa kuma a yashi muke fara su da yatsa.

Wani abu da ke ba ni takaici: makarantu nawa ne suka rubuta Montessori a allon ƙofa? Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, a 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum, cikin unguwar talakawa, kuma tsarinta yaro ya taɓa, ya jera, ya shafa harafi da yatsa. Yau sunan ya zama na tsadar kuɗin makaranta, ka shiga ajin ka tarar da haddar nan dai.

Kaka, Maraɗi:
Malam, Allah Ya saka maka. 'Ya'yana, mu da dara muka koyi lissafi. Gurbi talatin, kowa da 'ya'ya sha biyu, ka jera uku ka ci. Jikokina in sun zo hutu a ƙasa nake haƙa musu gurabun. Na kuma kafa musu sanda a tsakar gida, suna sa dutse a bakin inuwa. Da hantsi doguwa, tana raguwa har rana ta take, sannan ta juya gabas. Inda ta fi gajarta suka yi alama, suka gane in ta ƙaru a kan wannan da tsawon sandar, la'asar ta shiga. Yanzu su ke riga ladan sanar da ni. Abu guda nake roƙonku: in yaro ya yi tambaya kada ku yi saurin ba shi amsa. Ku ce, "Kai me ka gani?" ku yi shiru.

Ma'aikaciyar jinya, Jos:
A kula dai. Ƙananan 'yan ƙasa da shekara uku a nisanta su da gyaɗa da ƙwayar wake, suna turawa a hanci da kunne, mun sha ciro su. Ruwan toka da na kanwa kada su shiga ido, bakin gwangwani kuma a daddaƙe shi tukuna.

Uwar yara uku, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malama, jiya mun yi na zoɓon. Tabarma ta ɓaci, hannu duk ja, na ji faɗa ya zo mini baki na haɗiye. Da kofin kanwar ya yi duhu sai ƙaramar ta ce, "To in aka sa masa lemon zai dawo?" Na tuna maganar Kaka na ce ta gwada. Ta matsa, ya yi kumfa, jan ya dawo, ta ruga ta kira babanta. Yau da safe kuma ta ce a gwada da ganyen shayi. Malama, shi ma yana sauyawa, ko in bar ta ta gani da kanta?

Malamar kimiyya, Kano:
Bar ta. Ki dai ba ta kofi biyu da rabin lemo, sannan ki zo ki faɗa mana abin da ta ce.