Wace kalma za mu ba "planet": tauraro, duniya, ko 'yar-rana?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta hana ni sakat. Kwanakin baya, bayan faɗuwar rana, 'yata ta nuna mini wani haske a yamma, ta ce, "Baba, wancan tauraron ba ya ƙyaftawa kamar sauran." Na duba, gaskiyarta. Na kewaye da shi suna ta ƙyal-ƙyal, shi kuwa haskensa a tsaye cak. Na ce mata ai wannan Zara ce, kuma ba tauraruwa ba ce. Ta ce to mece ce? A nan bakina ya mutu. Na san amsar da Turanci, wato "planet", amma ban da kalma ɗaya ta Hausa da zan miƙa mata.

Mu fara da "tauraro", tunda shi muka gada. Tauraro wuta ce mai ci da kanta, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu, kusancinta ne kawai ya bambanta ta. Tana nesa da mu da kilomita miliyan 150, haskenta kan iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu. Zara kuwa ba ta da hasken kanta, na rana take aro. Abin da ya sa ba ta ƙyaftawa shi ne kusa take, faɗinta ya isa ya rinjayi motsin iskar da ke karkaɗa hasken taurari masu nisa. Har ma gamzakin da ke fitowa da asuba da Zarar da ke fitowa da magariba abu ɗaya ne, muka ba shi suna biyu. Duk yaron da muka koya wa cewa Zara tauraruwa ce, sai mun dawo mun warware masa daga baya.

Sai "duniya", wadda kafafen labarai suka fi amfani da ita: duniyar Mas, duniyar Jufita. Ba na raina wannan zaɓi, ya yi mana aiki shekara da shekaru. Amma nauyin da ke kan kalmar ya yi yawa. Ita ce ƙasar da muke takawa, ita ce kishiyar lahira, ita ce jama'a idan muka ce duniya ta sani. Kuma da zarar Bahaushe ya ji "duniya", sai ya hango wurin da za a sauka a taka. To Jufita ba shi da doron da za a taka. Curin iska ne da zai haɗiye irin Duniyarmu sama da 1,300, nauyinsa ya ninka na sauran 'yan'uwansa bakwai masu kewaye rana a haɗe fiye da sau biyu, kuma yakan juya sau ɗaya cikin ƙasa da awa goma. Satun ma haka, iska ne, har in ka auna shi mudu da mudu bai kai ruwa nauyi ba. Babbar matsalar kuma ita ce mun riga mun saba cewa "duniyar wata". Idan wata duniya ne, Mas ma duniya ne, da me za mu nuna cewa ɗaya rana yake kewayawa, ɗayan kuma mu yake kewayawa? Kada wani ya ce girma ne zai raba gardama. Ganimid, ɗaya daga cikin watanni huɗu na Jufita da Galileo ya hango a 1610, faɗinsa ya haura kilomita 5,200, ya fi Makuri mai kusan 4,900. Ga wata ya fi "duniya" girma.

Wani malamina ya ce a koma asalin kalmar "planet". Girkawa ne suka raɗa ta, ma'anarta mai yawo, domin sun lura akwai wasu 'yan haske da ke sauya mazauni a tsakanin taurari dare bayan dare. Ya kawo "tauraro mai yawo". Tana da daɗin ji, sai dai ta mayar da mu cikin taurari. Na gwada ƙera suna daga aikatau, kewaya ko zagaya, amma "makewayi" ya riga ya samu wata ma'ana a bakin mutane, "zagayawa" ma haka. Waɗannan a bar su. "Filanet" kuma tana nan ga mai son aro, ba haramun ba ne, ai mun ari kwamfuta. Damuwata da ita ɗaya ce, ba ta gaya wa yaro komai.

Ga abin da nake kawowa gabanku: 'yar-rana, jam'i 'ya'yan-rana.

Ban ɗauko ta daga sama ba. Kakanninmu sun kalli wani gungun taurari suka ce kaza da 'ya'yanta, wato tuntuni harshen ya saba kallon sama da idon dangi. Sannan kimiyya ta goyi bayan sunan fiye da yadda na zata. Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, wani makeken gajimare na ƙura da iska ya dunƙule, tsakiyarsa ta kama da wuta ta zama rana. Rana ta kwashe kashi 99.8 cikin ɗari na dukan nauyin. Daga ɗan ragowar da ya yi ta juyawa kewaye da ita aka samu guda takwas ɗin nan, Makuri, Zara, Duniya, Mas, Jufita, Satun, Yuranus da Neftun. Shi ya sa duka suke kewayawa ta fuska ɗaya, kusan a shimfiɗe kamar a kan faifai. Yaron da ya ji "'ya'yan-rana" ya riga ya san wa suke bi, ya kuma san daga inda suka fito.

Kuma kowace da halinta, kamar 'ya'yan kowane gida. Zara takan kewaye rana cikin kwana 225, amma sai ta yi kwana 243 kafin ta juya sau ɗaya a kan kanta, kuma juyin nata a baibai ne, a can rana daga yamma take fitowa. Zafinta ya kai digiri 460 da ɗoriya, ya fi na Makuri da ke jikin uwar, saboda bargon iskar da ya lulluɓe ta. Neftun, wadda aka gano a 1846, sai a 2011 ta cika kewaye ɗaya tun ganowar, domin shekararta ɗaya shekarunmu 165 ne.

Na san inda za a kawo suka, kuma ba na gudunta. Wata 'yar'uwa ta ce "'yar rana" na iya zama ƙaramar rana, kamar yadda muke cewa 'yar hanya. Wannan gaskiya ne, kuma ita ce sukar da ta fi damuna. Abin da zan ce kawai, a rubuce karan ɗori zai taimaka, a baki kuma jam'in ba shi da ruɗani ko kaɗan. Wani kuma ya ce rana ba ta haihuwa. Ai itace ma ba ya naƙuda, amma muna cewa 'ya'yan itace, muna cewa ɗan kunne da ɗan yatsa, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa da wata manufa.

Abin da ya ƙara jawo ni gare ta shi ne yadda take buɗe ƙofa ga sauran kalmomin da muke buƙata. A watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Firag ta kafa sharuɗɗa uku: abu ya kewaye rana, ya yi nauyin da zai dunƙule kamar ƙwallo, kuma ya share hanyarsa daga tarkace. Fuluto, wanda Clyde Tombaugh ya gano a 1930, ya faɗi a na uku, aka sauke shi zuwa wani rukuni. Wannan rukunin sai mu ce tsumburarrun 'ya'yan-rana, gida ɗaya ne amma girman bai kai ba. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata irin 'ya'yan-ranar nan da ke kewaye wani tauraro mai kama da ranarmu cikin kwana huɗu kacal, yanzu irinta da aka tabbatar sun haura 5,000. Su ne 'ya'yan wata rana daban. Akwai ma waɗanda ke yawo cikin duhu ba tauraron da suke bi, marayu ke nan, kalmar tana zaune tana jira.

Inda na maƙale shi ne duwatsun nan birjik da ke yawo tsakanin Mas da Jufita. Su ma daga ragowar gajimaren suke, su ma rana suke bi, amma ba su dunƙule ba. Na rubuta "ɓarɓashin-rana" na soke, don kamar daga jikinta suka ɓantaro, alhali ba haka ba ne. Malamai da masu fassarar labarai, ku gwada faɗin wannan da ƙarfi ku ji ko ta zauna a harshe: "Duniya ita ce ta uku a cikin 'ya'yan-rana takwas." In ta zauna, ku taya ni da sunan duwatsun.